Kogin Jakara da Aikin Gayya: Wahalar Gyaran Magudanan Ruwa a Kasuwar Singa da Kewayenta

Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne a yi bayani a kan wata tambaya da ta daɗe tana damun mazauna Fagge da Sabon Gari, da 'yan kasuwar da ke neman abincinsu a tsakanin unguwannin nan biyu. Tambayar kuwa ita ce: me ya sa kusan kowace shekara jama'a sukan fito da kuɗinsu da ƙarfinsu su yashe magudanan ruwa, amma kafin damina ta raba tsakiya sai a tarar kamar ba a taɓa sa shebur a wurin ba? Amsar da aka fi saurin bayarwa ita ce wai mutanen ƙazamai ne, ko kuwa wai hukuma ce ta yi barci. Kowace daga cikin amsoshin nan tana da ɗan ƙamshin gaskiya, amma ba ta isa ta gamsar da ɗalibin da ke son sanin yadda abu yake aiki ba, balle ma'aikacin da wata rana fayil ɗin zai sauka a kan teburinsa.

An zaɓi Kasuwar Singa ta zama wurin tsayawa a duba al'amarin domin a nan ne ake sarin shinkafa da sukari da fulawa da taliya da sabulu da ake kaiwa jihohin Arewa har da Jamhuriyar Nijar, watau wuri ne da dukiya ta taru, mutane suka taru, shara kuma ta taru. To amma ba a fahimtar kwatar Singa sai an san kogin da take zuba a cikinsa, shi ne Jakara.

Jakara a Tarihi

Hausa ba ta da talauci wajen sunayen ruwa. Akwai gulbi da kogi, akwai rafi da ƙorama, akwai tafki da kududdufi, akwai fadama da kwari, kowanne da girmansa da halinsa. Sa'an nan akwai wasu sunaye na daban da ake ba hanyar da ƙazanta ke bi, irin su kwata da lambatu da kwatami. Wanda ya kasa kunne ga matasan Kano zai ji da yawansu ba su san Jakara a jerin farko ba, a jeri na biyu suka same ta. Wannan ƙaurar da sunan ya yi daga kogi zuwa lambatu ba ƙaramin abu ba ne, domin mutum yana jin nauyin zuba shara a kogi, amma ba ya jin nauyin zuba ta a lambatu, tun da a ganinsa don haka aka yi shi.

Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya nuna cewa a zamanin Barbushe Jakara kurmi ne mai duhu da mazauna gindin Dala suke girmamawa, ana ce masa Kurmin Baƙin Ruwa, kuma idan wata masifa ta taso a can ake yanka baƙar dabba. Bayan Musulunci ya kafu aka bar wannan al'ada, Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa Kasuwar Kurmi a gefen ruwan. Ashe ke nan tun fiye da shekara 500 kasuwa da Jakara suke maƙwabtaka. Kada kuma a ɗauka cewa a da ruwan garau yake kamar na randa. Baturen Ingila Hugh Clapperton, da ya zo Kano a 1824, ya tarar da fadama ta ratsa birnin ta raba shi biyu, ana zuba ƙazanta a cikinta, ya kuma yi kuka da rashin lafiyar wurin. Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, shi ma ya ambaci tafkin Jakara da ya zo a 1851.

Bambancin jiya da yau yana wajen yawan ƙazantar da kuma irinta. Ƙazantar da can ta toka ce da ruwan wanke-wanke da kashin dabbobi da ɓawon abinci, duk masu ruɓewa su koma ƙasa. Har ila yau birnin cike yake da kududdufai, watau ramukan da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini, waɗanda suke tare ruwan sama su riƙe shi har ya tsotse a hankali. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ciniki ya fita bayan ganuwa, Fagge ta cika, aka yanka Sabon Gari, daga baya aka kafa masana'antu a Bompai. Ƙidayar 1963 ta ba birnin Kano mutum ƙasa da 300,000, amma ƙidayar 2006 ta ba ƙananan hukumomi takwas na cikin birni da kewaye kimanin miliyan 2.8. A tsawon wannan lokaci an cike kududdufai da yawa an yi gini a kansu, an shafe tsakar gidaje da siminti, ruwan da a da ƙasa take sha yanzu duk sai ya nemi hanyar Jakara a sa'a guda.

Kogin yana tasowa daga cikin birni, ya bi ta Fagge inda Kwarin Gogau yake haɗuwa da shi, ya zaga ta arewacin Sabon Gari, ya nufi arewa maso gabas, ya karɓi rafin Getsi wanda ya kwaso ruwan Bompai, sa'an nan ya zube a madatsar Wasai ta ƙasar Minjibir, wadda aka kammala a 1976.

Abin da Ke Cikin Ruwan

Wajibi ne a rarrabe ƙazantar gida uku, domin kowace da maganinta, kuma rashin rarrabewar shi ne yake sa a ɗora wa aikin gayya kayan da ba zai iya ɗauka ba.

Ta farko ita ce wadda ido yake gani: leda, da robar lemo, da kwali, da buhu, da tsumma, da yashin da ruwa ya kwaso. A kasuwar sari kamar Singa kusan kowane kaya a naɗe yake zuwa, wani naɗi biyu wani uku. Kwali yana da masu saye, ƙarfe da roba mai kauri 'yan bola-jari ba sa barinsu su kwana. Abin da yake saura shi ne wanda ba shi da kasuwa, musamman siririyar leda da ledar ruwan sha da ta yaɗu tun shekarun 1990. Ita leda ba ta ruɓewa. Takan maƙale a bakin kwalbati ta zama kamar rariya, yashi ya taru a bayanta, kwata ta cike. Wannan ita ce ƙazantar da shebur da baro suke iya maganinta.

Ta biyu ita ce ƙazantar da ta narke a ruwa: ruwan wanka da wanki, da na gidajen wanka da bahaya na kasuwa, da abin da ake tsiyayowa daga masai, da jini da tumbin da ke fitowa daga babbar mahautar Kano da ke Fagge. Abin lura ne cewa kalmar kwata a bakin Bakano tana nufin magudanar ƙazanta, tana kuma nufin wurin yanka, ga shi a Fagge ma'anonin biyu sun haɗu a rafi guda. Yadda wannan ƙazanta take kashe kogi shi ne, a cikin kowane ruwa mai rai akwai iskar oksijin da ta narke, wadda kifi yake shaƙa. Ƙananan halittun da ido ba ya gani, waɗanda aikinsu shi ne ruɓar da ƙazanta, su ma da wannan iska suke aiki. Idan ƙazantar kaɗan ce, sukan cinye ta ruwa ya warke da kansa yana tafiya. Idan ta yi yawa sai iskar ta ƙare, kifi ya mutu, wasu halittun da ba su bukatar iska su karɓi aikin, su ne kuma suke sa ruwa ya yi baƙi ya riƙa warin ruɓaɓɓen ƙwai. Da rani kuwa, lokacin da Kano takan yi wata bakwai ba ruwan sama, kusan duk abin da ke gudana a Jakara ruwan da aka riga aka yi amfani da shi ne, babu sabon da zai surka shi. Daga nan ne kwalara da taifot suke samun hanyar komawa cikin gidaje, ta rijiyoyin da ke kusa da rafi da kuma bututun famfon da ya fashe a cikin kwata.

Ta uku ita ce mafi haɗari, ita ce kuma ba a gani. Majeman gargajiya da bagaruwa da toka suke jima, amma masana'antun jima na zamani da gishirin kuromiyam suke yi. Shi da dalma da kadmiyam, waɗanda ke fitowa daga masana'antu da tsofaffin batura da garejin makanikai, ƙarafa ne, ba su ruɓewa ko da an shekara ɗari. Sukan kwanta a cikin laka, su shiga ƙasar lambu, wani kaso ya hau cikin ganye da kifi. Binciken da malaman jami'o'i suka yi ta yi a kan Jakara da Getsi ya sha nuna waɗannan ƙarafa a cikin ruwa da laka da kayan lambu. Wanda yake son ya san abin da dalma take yi wa yaro, sai ya tuna da abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ƙurar dutsen zinariya mai dalma ta kashe yara kimanin 400. Na Jakara bai kai wannan ƙarfi ba, a hankali yake taruwa a jiki, shi ya sa ba ya tayar da hankalin kowa. Malaman fiƙihun Malikiyya sun koyar da cewa ana gane ruwan da ya gurɓata ta launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa, kuma wannan ma'auni ya wadatar wajen tsarki. Amma ruwa yana iya tsallake duk ukun alhali yana ɗauke da dalma, sai ɗakin awo ne kaɗai zai tona shi.

Gayya da Sharuɗɗanta

Bahaushe bai jira kowa ya koya masa aikin taimakon kai da kai ba. Da gayya ake nome gonar wanda ciwo ya kwantar, da ita ake ɗora jinka, da ita ake gyaran hanya da maƙabarta, da irin wannan haɗuwar hannu aka riƙa yaɓen ganuwar Kano. Saboda haka idan shugabannin kasuwa suka yanka wa kowane shago kuɗi, suka ɗauko leburori, ko matasan unguwa suka fito ranar Asabar da shebur da manjagara, tsohuwar al'ada ce suke rayawa. To amma gayya tana da sharuɗɗan da ba a faɗa, domin a ƙauye ba a bukatar faɗarsu. Gonar tana da mai ita. Aikin yana ƙarewa a yini guda, a ci tuwo a watse. Wanda ya zo yau ya san gobe za a je tasa. Wanda ya ƙi zuwa kuwa kowa ya gan shi, kunya ta ishe shi hukunci. Idan aka auna kwatar Singa da waɗannan sharuɗɗa, sai a ga kusan babu wanda ya cika.

A fara da mai abu. Yawancin masu ciniki a Singa haya suke yi, kuma ba a nan suke kwana ba. Da magariba sun kulle sun tafi unguwanninsu. Mai ginin yana karɓar kuɗin haya ko kwata ta cike ko ba ta cike ba, domin wurin yana da tsada kuma masu nema sun fi shagunan yawa. Ɗan dako da mai tura kura da mai sayar da abinci su ne suke yini a bakin kwatar, su ne suke shaƙar warinta, amma ba su da murya a taron shugabanni. Direban da ya kawo kaya daga Legas ya kwana biyu ya tafi. Ga mutane dubbai suna amfani da abu guda, amma da wuya a nuna mutum ɗaya a ce nasa ne.

Sa'an nan aikin ba ya ƙarewa. Gona idan an nome ta an nome ta, sai wani makon ko wani watan. Ita kwata tun ba a wanke shebur ba an fara mayar da abin da aka fitar. Aikin da yake bukatar a yi shi kullum ba aikin gayya ba ne, aikin albashi ne, kuma duk ƙungiyar da ta nemi ta riƙe shi da zuciyar sa kai kawai za ta ga mutum hamsin a fitowar farko, ashirin a ta biyu, a ta biyar sai shugaba da ma'aji.

Babbar matsalar ita ce ta sama da ƙasa. Ruwa gangare yake bi, ba ya komowa. Wanda ke sama idan ya zuba shara ya rabu da ita, wanda ke ƙasa shi zai karɓa, kuma ba shi da hanyar ramawa. A nan ne ramuwar da take riƙe da gayya ta karye. Mutumin cikin birni yana tura wa na Fagge, na Fagge da na Singa suna tura wa na bakin Sabon Gari da Kwakwaci, dukansu kuma suna tura wa masuncin Wasai wanda bai taɓa ganin fuskarsu ba. Idan 'yan layi guda suka yashe tasu kwatar tas, alhali na sama da su ba su yi ba, ruwan farko zai kawo musu sharar maƙwabta. Idan kuma na ƙasa da su ne ba su yi ba, ruwan zai rasa mafita ya dawo musu. Sau biyu ko uku aka yi wa mutum haka, ya koyi darasin cewa wahalarsa banza ce, kuma ba a ce ya yi kuskuren lissafi ba.

Akwai kuma wani abu ƙarami da yake rusa aikin fiye da duk waɗannan, shi ne rashin mota. Jama'a suna iya fito da laka daga kwata su tara a bakin titi, amma ba su da tifa, ba su da filin da za su kai. Sai tulin ya kwana bakwai, ya bushe, motoci su tattake shi, iska ta ɗebi ƙurarsa ta watsa a kan buhunan abinci, ruwa ya zo ya mayar da sauran inda aka ɗebo shi. Duk mazaunin Kano ya ga wannan da idonsa. An yi kashi tara na aikin da gumin talakawa, kashi ɗayan da ya rage, wanda sai hukuma ce za ta iya, shi ya ɓata taran.

Daɗa ga gini a kan hanyar ruwa. A wurin da kowane taku na ƙasa kuɗi ne, kwata fili ce da ba a yi amfani da shi ba a idon mai neman shago. Sai a ɗora silab, a kafa tebur, tebur ya zama kwantena, kwantena ta zama bene. Daga ranar nan babu mai iya buɗe wurin ya yashe. A damunar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari, maƙwabciyar Singa, ya lalata atamfofi da yadudduka masu yawa, 'yan kasuwar da kansu kuma suka ɗora laifin a kan gine-ginen da aka yi bisa magudanan ruwa. Sunan kasuwar ma ya isa gargaɗi, domin kwari wurin taruwar ruwa ne. Ƙungiyar 'yan kasuwa ba ta da ikon rushe gini, sau da yawa ma mai ginin ya fi shugabanninta ƙarfi, ko kuwa yana riƙe da takardar izini mai hatimi. A da irin wannan fili hurumi ne, mai unguwa da dagaci suna tsaronsa. Tun Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ikon filayen birni yana hannun gwamna, masu unguwanni sai dai su yi nasiha.

Batun kuɗi kuwa gajere ne. Ɗan kasuwa yana biyan haraji iri-iri, cikinsu har da na shara. Idan aka sake zuwa masa da wani karo-karo, tambayar da zai fara yi ita ce ina na baya ya shiga, kuma in ba a saba karanta masa lissafi a bainar jama'a ba, ba za a ga hannunsa a aljihu ba.

Ba kowa ne ma yake fatan ruwan ya daina zuwa ba. A gefen Jakara, daga Kwakwaci har zuwa Wasai, akwai masu lambu da suke noman latas da kabeji da karas da alayyahu da albasa da wannan ruwa duk tsawon rani, suna kai wa kasuwannin gari irin su 'Yankaba. A wurinsu ruwa ne da ba ya yankewa, ga shi ɗauke da taki kyauta. Wanda ya ce zai hana su ba tare da ya ba su wani ruwan ba, abincin iyalansu ya taɓa. Wanda kuma ya ce a bar su haka, ya manta cewa latas ɗanye ake cinsa, kuma mai shagon Singa da ya tura ƙazantar da safe yana iya sayo ta da yamma a cikin kwadon da zai kai gida.

Hukuma Mai Hannu da Yawa

A zamanin En'e akwai duba-gari, wanda yake shiga gida ya leƙa randa da masai da kwata, ya kai mai laifi gaban alƙali. Ana tsoronsa, wani lokaci ma yakan wuce gona da iri, amma kowa ya san ƙofar da za a buga. A 1985 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da sashen tsaftar muhalli na Yaƙi da Rashin Ɗa'a a nan Kano, daga nan aka gaji sharar Asabar ɗin ƙarshen wata, a Kano kuma aka ƙara da Juma'ar ƙarshen wata domin kasuwanni da tashoshin mota da ma'aikatu. Wannan tsari ya taimaka wajen share titi, amma ya koya wa jama'a cewa tsafta abu ne na sa'a uku a wata, wanda ake yi don gudun tara.

Yau kuwa hannuwan sun yi yawa. Tsarin Mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da mahauta da magudanan ruwa da kwashe shara. Jiha tana da Ma'aikatar Muhalli, da hukumar kwashe shara ta REMASAB, da hukumar tsara birane ta KNUPDA mai ba da izinin gini. Tarayya ta kafa hukumar kare muhalli ta FEPA a 1988, bayan an gano gubar da aka jibge a garin Koko, a 2007 kuma aka kafa NESREA domin tilasta wa masana'antu bin ƙa'ida. Ga kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Shi kogin yana ratsa ƙananan hukumomi da dama kafin ya kai Minjibir. Babu ofishi ɗaya da za a ce aikinsa Jakara ne daga tushe har madatsa. Ƙungiyar unguwa da ta rubuta takardar koke takan ƙare da yawo daga wannan ofis zuwa wancan, kowa yana cewa ba huruminsa ba ne, kuma a bisa doka kowa yana da hujja.

Rufe Kogi

A 2013 gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta fara aikin titin Wuju-Wuju, watau a gina wa Jakara kwalbati a shimfiɗa titi a kansa tun daga cikin birni har Kwarin Gogau. Aikin ya tsaya shekaru da dama bai kammala ba. Amfaninsa a fili yake: yana rage wari, yana hana yara faɗawa, yana kawar da maɓoyar ɓata-gari, yana buɗe hanya a unguwanni masu cunkoso. Sai dai rufe ruwa daban, tsabtace shi daban. Abin da ya shiga ta sama zai fita ta ƙasa yadda yake, kuma kogin da aka rufe ya fita daga hannun jama'a gaba ɗaya, domin ba a shiga ƙarƙashin titi da shebur. A birnin Seoul na Koriya ta Kudu an fara rufe rafin Cheonggyecheon da kankare a 1958, aka ɗora masa gadar sama, sa'an nan daga 2003 zuwa 2005 aka kashe maƙudan kuɗi aka rushe gadar aka sake buɗe kusan kilomita 6 na rafin. Ba a kawo wannan don a ce Kano ta kwaikwayi Seoul ba, aljihun ba ɗaya ba ne. An kawo shi ne don a nuna cewa abin da ya gyara wancan rafi shi ne raba hanyar ƙazanta da hanyar ruwa. Haka ma a Landan, bayan warin Kogin Thames ya addabi majalisa a 1858, manyan bututu aka gina a gefen kogin suna tare ƙazanta kafin ta shiga.

Rabon Aiki

Misalin da ya fi kusa da halin Kano yana unguwar Orangi ta birnin Karachi a Pakistan. A 1980 Dokta Akhtar Hameed Khan ya fara wani shiri a can, bayan ya lura cewa talakawa ba za su haɗa kuɗi don gyaran gari duka ba, amma za su haɗa don gyaran layinsu. Sai aka mai da layi shi ne ma'auni, gida ashirin zuwa arba'in, waɗanda suka san juna. Su za su zaɓi wakilinsu, su tara kuɗinsu, su riƙe shi da kansu, su binne bututun layinsu. Masana suna ba su awo da zane kawai. Babban bututu da wurin tace ruwa kuwa aka ce na gwamnati ne. Dubban layuka sun yi nasu. Amma inda gwamnati ta yi jinkirin nata, ƙazantar ta fita daga layi ta zube a rafukan garin, watau layi ya gyaru, rafi bai gyaru ba.

Idan aka ɗora wannan a kan Singa, za a ga abin da ke hannun 'yan kasuwa ba kaɗan ba ne. Kasuwar a rarrabe take gida-gida da layi-layi, kowane da shugabansa, kuma a wannan ƙaramin ma'auni kunya tana aiki kamar yadda take yi a ƙauye. Suna iya ɗaukar masu shara na dindindin da albashi maimakon jiran gayyar shekara. Suna iya sa raga a bakin kowace kwata, su sa sharaɗi cewa duk silab ɗin da aka ɗora ya zama mai ɗaguwa, su sa kuɗin kwata cikin yarjejeniyar haya don mai gini ma ya ji a jikinsa, su manna lissafin abin da aka tara a inda kowa zai karanta. Suna iya yin magana da murya ɗaya da shugabannin Kantin Kwari da na Kasuwar Sabon Gari da masu unguwannin Fagge, a sa ranar yashewa guda, a fara daga ƙasa a hauro sama, a cikin watan Afrilu ko farkon Mayu kafin ruwa ya sauka. Ranar kuwa kada a yanke ta sai an sami alkawarin tifa a rubuce daga hukumar shara, da sunan jami'in da za a nema idan motar ba ta zo ba.

Abin da ya wuce nan ba na gayya ba ne. Hana izinin gini a kan magudana aikin mai riƙe da hatimi ne. Tace jini da tumbin mahauta kafin su shiga rafi aikin injiniya ne da kasafin kuɗi. Ruwan Getsi kuwa ba ya jin shebur ko kaɗan, sai an je bakin bututun kowace masana'anta an ɗebi ruwa an auna, an maimaita awon wata-wata, an buga sakamakon yadda mai lambun Kwakwaci da masuncin Wasai za su ji shi a rediyo da Hausa. Kayan awon da masu iya shi akwai su a Jami'ar Bayero, tafiyar da ba ta kai sa'a guda ba daga bakin Kasuwar Singa.